Yadda Ake Cin Kujerar Kansila da Giya Ba Tare da An Kurɓa Ba

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji uku na yi na fita. Amma na tsayar da mutum huɗu takarar kansila a garin nan, huɗun duka sun ci. Makamina ɗaya ne: giya. Ban taɓa sa ta a baki ba, kada ka yi mini wani kallo. Ka bi matakan nan yadda na jera su, kujera taka ce, ko da kuwa a gidanku ma ba a gaishe ka.

Na huɗunsu mijin 'yata ne, Tela. Da shi zan yi maka misali, domin a kansa na ga daidai, a kansa na ga kuskure.

Mataki na 1: Ka samo mashaya

In babu mashaya a garinku, ka haƙura da siyasa ka koma gona. Tamu tana bayan tasha: ɗaki mai koren fenti, rumfar kwano, firji biyu, janareto, ƙofa biyu. Ta gaba ta direbobi da kanikawa ce, waɗanda ba sa jin kunyar kowa. Ta baya, wadda ta fita lungu, ta mutanen kirki ce. Mai wurin mace ce, kowa Madam yake ce mata.

Ka haddace wannan: ƙofar baya ta fi ta gaba ƙuri'a.

Mataki na 2: Kada ka yi alkawarin abin da ake gani

Tela ya zo mini da takarda, ya cika ta gaba da baya.

"Baba, ga manufofina. Famfo, kwalbati, rufin makaranta."

"Famfo in bai kawo ruwa ba, ana ganewa?"

"Ana ganewa."

"To yaga."

Ya yaga. Kai ma ka yaga taka. Ka yi alkawarin tarbiyya. Ba a auna ta da bokiti.

Mataki na 3: Ka iya ɗaure fuska

In ka hau mumbari, kada ka ce giya. Ka ce "wancan gidan", ka nuna wajen tasha da haɓa, ka yi shiru kamar abin ya fi ƙarfin bakinka. Mata za su fara gyaɗa kai. Su ne jarinka. Matar mashayi ƙuri'a biyu ce, tata da ta uwarta.

Amma kada ka kama sunan kowa. Mace tana son a rufe gidan, ba ta son a ambaci mijinta a lasifika. Tela ya taɓa suɓutar baki ya ce, "kamar wani mahauci da na sani." Mahauta uku ne a garin. Rana guda muka rasa gidaje uku, ni kuma na yi wata ina cin ƙashi a farashin tsoka.

Mataki na 4: Ka gaida Madam

Kada ka je gidanta. Ka tare ta a kasuwa da rana tsaka, wajen masu tumatir, ka juya baya rabi kamar kana taya albasa.

"Baba, ina wuni? Bana ma rufe ni za ku yi?"

"Bana ma."

"Allah ya taimaka. Sai dai ka gaya wa ɗan takarar ya riƙa faɗin bayan tasha da ƙarfi. Wancan karon baƙi sun sha wuyar gane hanya."

Ka ji ko? Lokacin zaɓe ne kakarta. Mutanenta kuwa wanda ya fi rantsuwar zai rufe gidan suke zaɓa, domin sun ga uku sun rantse, gida yana nan, har ya ƙara firji.

Mataki na 5: Ka duba kujerun taro da idonka

A garin nan mutum ɗaya ne yake da kujerar roba ɗari biyu, Madam. Kamfanin giya ne ya ba ta, kowace kujera da hoton kwalba a daidai wurin jingina. Kowane ɗan takara a wurinta yake haya. Ba abin kunya ba ne, in ka san yadda ake rufe hoton.

Na ce wa Tela ya ɗinka musu riguna, tunda sana'arsa ce. Ya ce babu lokaci. Yaransa suka dama fulawa suka manna hotonsa a kan kowace kwalba. Aka yi taro ƙarfe biyu na rana a filin ƙwallo. Mutane suka jingina, suka yi gumi. Tela ya yi magana mai daɗi, ya nuna tasha da haɓa yadda na koya masa, jama'a suka miƙe za su tafa. Kowa ya tashi da fuskar Tela manne a bayan rigarsa. Kwalba ɗari biyu kuma suka tsaya suna kallon mumbari.

Abokin hamayyarmu, Mai Kemis, yana gefe da mai ɗaukar hoto. Na karɓe makirufo daga hannun Tela.

"Kun gani da idonku. Har kujerunmu ta shiga. Saura gadajenmu."

Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Ranar muka ci zaɓe, sauran kwanakin ƙidaya ce kawai. Amma kai kada ka dogara da wannan, ba kowa ke da ni a kusa ba.

Mataki na 6: Ka wanke abokin hamayya

Kada ka ce yana sha. Ƙazafi ne, kuma akwai kotu. Ka ce, "Ni ban taɓa cewa Mai Kemis yana sha ba. Jan idonsa na gado ne." Ka wanke shi haka a kowane taro har ranar zaɓe.

Mataki na 7: Ranar zaɓe

Ka roƙi Madam kada ta buɗe sai la'asar, kuma mai tawada a yatsa kaɗai zai shiga. Kafin azahar za ka ga layin rumfar zaɓe ya miƙe har bakin titi, maza tsaf, kowa yana son ya sauke nauyin ƙasa.

Mataki na 8: In ka ci, kada ka rufe

Wannan shi ne uban matakai. Ka kafa kwamiti. Ka sa liman, da shugaban direbobi, da tsohon malamin makaranta wanda ba ya ji sosai. Su zauna sau ɗaya, su sha lemo, su ɗage zama. Ba a yanka kazar da ke yi maka ƙwai duk shekara huɗu.

Tela ya ci da ratar ƙuri'a sittin da ɗaya. Sati uku da rantsar da shi, na je gidansa na tarar da kwaɗo sabo a kan tebur, ƙato kamar na sito.

"Na mene ne wannan?"

"Baba, na yi alkawari."

"Alkawarin siyasa ka yi."

"A gaban mutane na yi shi."

"Shi ya sa ba ya kama ka."

'Yata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baba, ba kai ka raine mu a kan cika magana ba?"

"A gida na ce."

Bai ji ba. Ya ɗauki ɗan sanda ɗaya da takarda mai hatimi, ya garƙame ƙofar gaba da ta baya.

Giya ba ta bar gari ba, watsewa ta yi. Yau ana sayar da ita a wuri bakwai: bayan shagon mai faci, ɗakin ajiyar mai aski, sauran ba zan faɗa ba. Da, mace ta san ƙofar da za ta tsaya ta kira mijinta. Yanzu sai ta zaga gari. Mutanen ƙofar baya sun kwashe ɗinkinsu sun kai wa wani tela. Gaskiya ɗaya zan ba shi: bakanike guda ya daina sha, ya yi ƙiba, matarsa tana sa wa Tela albarka. Shi ne kuma yake zuwa ƙofar Tela kowace safiya da mutum ashirin suna tambayar ruwa. A da, bai da lokacin lura cewa babu ruwan.

Mataki na 9: Ka gane ɗalibin kirki in ya zo

Zaɓe saura wata biyu. Tela yana son ya zarce, ba shi da abin nunawa da haɓa. Ranar Litinin da safe ina zaune a ƙofar gida sai ga Madam, ta lulluɓe da mayafi har ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba, takara zan tsaya."

"Da wace manufa?"

"Tarbiyya. Wuraren nan bakwai sun lalata mana gari."

"In kin ci fa?"

"Ni rufewa zan yi, duka bakwai, na san su ɗaya bayan ɗaya. Inda aka san ƙofa, aka san lokacin tashi, aka san mai wurin, ai ba a kira shi ɓarna ba."

Shekara talatin ina koyar da maza, ban taɓa samun kai irin wannan ba.

Da yamma 'yata ta zo, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, an ce kai za ka tsaya wa Madam."

"An faɗi gaskiya."

"Mijina ne fa."

"Na sani, ni na ba shi ke. Ban taɓa faɗuwa zaɓe ba, ba zan fara a kan suruki ba. Ki ce masa ya ɗiga wa keken ɗinkinsa mai."

Sanarwa

Wanda ya bi matakan nan ya faɗi, ya tsallake wani ne. Wanda ya bi ya ci, gari ya lalace, a tambayi masu ƙuri'a. Wanda aka gani a ƙofar baya, ƙafarsa ce ta kai shi. Wanda matarsa ta yi yaji, mahauci ya cuce shi, ko ɗan sanda ya neme shi, kada ya zo mini, ba ni da hannu, ba ni da masaniya. Wanda kuma 'yarsa ta daina aiko masa da abincin rana, yau kwana tara, ya ci abin da ya samu ya yi shiru. Haka nake yi.