Lauyan da Ya Ƙi a Maido Shi

Duk wanda ya ce Allah bai yi wa garin New Amsterdam baiwa ba, to bai taɓa jin Lauya Hubert Aloysius Pilgrim yana magana ba. In ya buɗe baki a kotu, har masu sayar da kifi a bakin kogin Berbice sai sun san an fara shari'a. Shi ya raɗa wa kansa suna Zakin Berbice. Mutanen gari kuwa, don tsananin ƙauna, Lasifika suke kiransa, amma sai ya ba da baya.

A kotunmu ba furfura ke ba da girma ba, ranar da aka kira mutum cikin lauyoyi ce. Wanda ya riga shiga shi ke zama a bencin gaba, ƙarƙashin fanka, shi alƙali ke fara saurara da safe lokacin da ɗaki ke maƙil da 'yan kallo. Sabbin shiga suna can baya kusa da ƙofa, suna jiran abin da ya rage na yini. Pilgrim ya fi shekara talatin yana matsowa da kaɗan kaɗan har ya kai bencin gaba. Yana son wurin nan fiye da matarsa, kuma Madam Verlyn ta sani, ta ma daina kishi.

Sai ƙaddara ta gifta, ƙaddarar da ke son manyan mutane. Ranar da za a yanke shari'ar gonar shinkafar wata gwauruwa, Zaki ya aika wa alƙali cewa zazzaɓi ya kayar da shi, ko ruwa ba ya iya haɗiya. Da azahar alƙali ya kunna talabijin a ofis don ya leƙa wasan kurket, ƙwallon da ake bugawa da sanda, sai ga majinyacin nan a tsakiyar 'yan kallo, ya ɗaura tuta a ka, yana tiƙar rawa da kwalba a hannu. Gwauruwa ta rasa gona. Da aka tona, ashe ba wannan ne zazzaɓinsa na farko ba, duk lokacin babban wasa yake kama shi. Aka soke sunansa daga cikin lauyoyi.

Kada ka kuskura ka ce an kore shi. Hutun nazari ya tafi. Nazarin kuwa a shagon giyar rake ake yinsa, inda yake yanke wa gwamnatocin duniya hukunci kyauta, da kuma wurin jana'iza, inda yake yabon mamaci har sai an manta wa ya mutu. Kowace Asabar yakan fito da baƙar alkyabbarsa ya shanya a gaban gida, ba a baya ba, don masu wucewa su tuna.

Shekaru suka shuɗe, zukata suka yi sanyi. Rannan tsohon abokinsa, Lauya Doodnauth Sukhdeo, ya zo da albishir: manya sun yarda ya dawo. Sukhdeo ya ce ƙofa biyu ce. Ko dai ya nemi a maido shi, ya tsaya gaban alƙali ya ce ya yi kuskure, ya tuba. Ko kuma a kira shi sabo fil, kamar wanda bai taɓa shiga ba.

Pilgrim ya sauko da ƙamus ɗin Turanci mai kaurin bulo, ya ce zai nemo kalmar da ta fi kowace nisa da kora. Ya yi ta buɗawa yana yatsina. Shigarwa? Wannan ta marasa lafiya ce a asibiti. Karɓa? Sai ka ce ɗan haya. Yafewa? Allah ya sawwaƙe. Da ya iso kan maidowa sai ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙugu.

"Doodnauth, mutumina, dube ni da kyau. Me ake maidowa? Akuyar da ta ɓata. Tukunyar aro. Ni Pilgrim a maido ni? Duk wanda aka maido, ai an taɓa fitar da shi ke nan. Ni kuwa kirana za a yi. Shari'a ce ta yi kewata, ta ɗaga murya, ni kuma don tausayi zan amsa."

Sukhdeo ya ce, "Na ji, amma Hubert, in aka kira ka sabo, ka san ranar kiran..."

"Ranar za ta shiga tarihi! Ci gurasarka ta roti, tana hucewa."

Madam Verlyn ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, bar mutumin nan ya kai aya mana."

"Mata, harkar doka ce, ba ta tukunya ba."

Sukhdeo ya ci rotinsa. Wanda bai ji bari ba, ai zai ji hoho.

Ranar kira gari ya ɗauka. An dafa shinkafa da wake da madarar kwakwa a tukwane uku, an yanka agwagi, an rataya ƙyalle daga wannan gefen titi zuwa wancan: AN KIRA ZAKI, YA AMSA. Bisa al'ada, babban lauya ne ke gabatar da sabon shiga, ya ba da tarihinsa a gaban alƙali. Sukhdeo ya ba da tarihin a gurguje, ya tsallake maganar kurket kamar mai tsallake kwata. Aka yafa wa Pilgrim alkyabba. Sababbi kan yi 'yar godiya ga iyaye da malamai su zauna. Shi kuwa ya gode wa kansa, ya taya kotu murna, ya yi wa adalci barka da arziki, har wata tsohuwa ta yi barci ta farka ta tarar bai kai rabi ba.

Ran Litinin ya shigo kotu yana taku ɗai-ɗai, alkyabba na tashi a bayansa, ya nufi bencin gaba. Ya tarar da Sukhdeo a wurinsa, fanka na kaɗa masa sanƙo. Sukhdeo ya dube shi da tausayi, ya nuna baya da babban yatsa. A benci na biyu aka nuna masa na uku. A na uku, wani da Pilgrim ya taɓa koya wa ɗaurin wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, ci gaba da tafiya." Haka Zaki ya yi ta ja da baya, a 'yan daƙiƙu ya sauka duk matakan da ya yi shekara talatin yana hawa.

A bencin ƙarshe wata 'yar budurwa ce zaune, Shondell Adonis, wadda aka kira watan jiya. Pilgrim ya halarci bikin sunanta, har ya yi jawabi. Ta matsa masa gefen ƙofa, inda rana ke dukan katako.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu Hubert. A waje kai kawuna ne, amma a nan ni ce yayarka. Zauna nan, auta. In ka ga abin da ba ka gane ba, tambaye ni, kada ka ji kunya."

Ya zauna. Ya yini yana sauraron yara suna magana. Da layi ya zo kansa, la'asar ta yi, 'yan kallo sun watse, don ranar ma akwai babban wasa. Zakin Berbice ya miƙe ya yi ruri a gaban alƙali mai duba agogo da kujeru marasa kowa.

Ya koma gida alkyabba a hammata, ƙyallen nan na rataye har yanzu a titi. Ya faɗa kujera ya ce, "Verlyn, an ci mutuncina. Ba su maido ni wurina ba."

Madam Verlyn ta ajiye masa ɗumamen shinkafar biki ta ce, "To ai kai ba akuya ba ne, maigida. Wa zai maido ka?"