Sifikokin da Suka Sauke Jeren Falmata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na shigo da sifikoki ɗakinmu. Wata uku ke nan da aurena da Falmata, muna zaune a ɗaki ɗaya a Haɗejia: gado, kujera, sai kabet ɗin da ta yi jerenta. Can saman jeren akwai wani babban kwanon tangaran mai furanni, wanda Inna, mahaifiyarta, ta ba ta ranar kai amarya.

Ni kuwa tun ina makaranta ba ni da buri sai sauti. Baki har kunne na isa shagon Malam Bukar mai gyaran rediyo, na ce sifikoki nake so.

"Ɗakin naka taku nawa ne?" ya tambaye ni.

"Huɗu da huɗu."

"Akwai kafet? Labule mai kauri fa?"

"Siminti ne zalla, sai rufin kwano."

Ya miƙo min wasu 'yan ƙanana guda biyu. Wai ƙaramin ɗaki mayar da sauti yake yi, in janye su daga jikin bango, kada kuma in saka su a kusurwa. Na dube su a wulaƙance, ko girman bulo ba su kai ba. Na nuna waɗanda masu kiɗan biki ke ɗaurawa a mota, tsayinsu har ƙirjina. Ya ce, "Malam, waɗannan na fili ne." Na ce ai ni na san sauti (ban san komai ba, wallahi).

A baro aka kawo su. Wuri ɗaya ya rage a ɗakin: kusurwa, jikin kabet. Nan na cusa su, ina ta rawar jiki. Ina cikin haɗa waya sai ga sallamar Inna, ta zo daga Kirikasamma da ƙullin bandar kifi. Kun dai san tsakanin mutum da surukarsa: na durƙusa na gaishe ta kaina a ƙasa, kamata ya yi in sulale waje. Amma ina, zumuɗi ya hana ni. Na ce bari in sa mata labaran rediyo ta ji yadda 'yarta ta dace da miji.

Ashe wayar salular da na jona tana kan kiɗan biki, na kuma murɗe sautin har ƙarshe.

Ɗakin ya ɗauki rugugi. Kwanon rufi ya amsa, murafen tukwane suka hau rawa. Ina kallo tangaran ɗin nan ya fara tafiya da kansa, sannu sannu, har bakin kabet. Na yi tsalle in cafe shi, na harɗe da waya, muka sauka ƙasa tare. Ni dai na tashi. Shi kuwa ya fashe gida bakwai.

Inna ba ta ko dube ni ba. Ta tsuguna tana tsince gutsattsarin a bakin mayafinta, ta ce, "Falmata, shekarar da ruwa ya ci gidanmu, a kaina na ɗauko shi har cikin kwalekwale. Ambaliya ma ta bar min shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Litinin na mayar da su a baron da ya kawo su. Malam Bukar ƙananan nan kawai ya miƙo min. Sautinsu garau, har yau su nake ji. Yanzu kafin in sayi komai sai na auna ɗakina da taku. In kuwa Inna ta zo, ko rediyo ba na kunnawa.