Rasuwar Injin Zarton Karimu Mai Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da babu inda za a sauke shi, Karimu mai albasa na kasuwar Malanville shina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin zartonshi na yankan icce. An zuba mashi isansi, wato fetur, tsura babu man gami, ya sha ya mutu. Abin ya faru Tumbutu, ƙauyen nan na kusa da Malanville, gidan surukin Karimu, Baba Alhaji, mahaifin matarshi Rahamatu.

Marigayin ba babba ba ne. Ranar da Karimu ya je sayenshi an nuna mashi manya irin na masu kada daji, ya ce shi ba daji zai ci ba, reshe ne in iska ta karya, da dirkar shinge, da iccen dahuwar biki. Ya ɗauki wanda hannu ɗaya ke iya ɗagawa, wanda bujinshi mai tada wuta da sarƙarshi ke akwai cikin kasuwa ba sai an ƙetare gulbi ba. Ya ja igiya, inji ya ce ɓurrr tun jan farko. Nan sunka shirya.

Ya yi zamanshi da mutunci. Bai fita aiki kullum, amma bai taɓa fita ya kunyata mai shi ba. Karimu bai yi karatun lakkwal mai nisa ba, amma ya san haƙƙin ƙarhe: in an gama aiki a juye sauran mai kada ya kwana ciki ya yi tsami, a wasa haƙora ɗaya bayan ɗaya, a wanke soson iska, a ɗaure sarƙa ba sako-sako ba kuma ba shaƙe ba, a naɗe shi cikin buhu a rataye. Masu aro sun zo sun koma hannu wofi. Har liman ya aiko, Karimu ya ce a gaida malam, akwai gatari.

Sai Baba Alhaji ya aiko. Iccen dogon yaro na tsakar gidanshi ya karkata bisa rumbun shinkahwa, a zo da injin nan.

Karimu ya tahi da kanshi, ya tuɓe takalmi tun ƙohwar gida, ya durƙusa. An fara yanka, mai ya ƙare. Kahin ya tashi ya ɗauko butalin man gaminshi daga moto, Baba Alhaji ya riga ya fito da galan ɗin injin ban-ruwan shinkahwarshi.

"Zamna, yaro. Ni da inji tun ba a haihe ka ba. Mai dabam, isansi dabam, ba a haɗa su."

Gaskiya ne ga injin ban-ruwa. Ga injin zarto guba ce. Karimu ya sani. Mutumin da ya taɓa ce ma jandarma ƙarya kake bisa titin gudron, gaban jama'a, ya duƙa shina kallon ƙasa, shina jin isansi na shiga ƙul-ƙul-ƙul. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Jinyar ba ta daɗe ba. Marigayin ya yi kuka mai tsini irin wanda bai taɓa yi ba, ya yi zahi, ya ce tu-tu-tu, ya ce ƙyas. Ya tsaya tsakiyar icce, iccen kuma ya zamna bisa takobinshi da sarƙa ke zagayawa ya danne.

Har yanzu gawar tana can, maƙale cikin dogon yaro. Zayyad makanike ya je ya duba. Ya ce in an fiddo shi lahiya, a sauya piston, shina iya tashi. Amma notinan da za a kwance sun manne da jikin iccen, kilen kwance noti ba ta shiga. In an ja iccen gabas, bakin yankan ya buɗe, inji ya fito, icce ya hwaɗa bisa rumbu da cimar shekara ta gidan. In an ja shi yamma, rumbu ya tsira, icce ya murƙushe inji. Barinshi haka kuma ba ya yiwuwa, hadari na haɗuwa kowane marece.

Karimu ya ce ma Rahamatu ko a kwashe shinkahwar a bar rumbun ya tahi, kuma a gaya ma tsoho abin da ya kashe inji. Ta ce, "Rumbun da kakana ya gina? In ka buɗe bakin nan gaban Baba, kada ka dawo da shi gidan ga neman tuwo."

Shi ko Baba Alhaji shina gaya ma masu zuwa kallo cewa an cuci yaron nan kasuwa, an saida mashi ruɓaɓɓen kaya. Karimu na gehe, shina cewa haka ne.

Marigayin ya bar magagari guda, da sarƙa sabuwa da ba ta taɓa icce ba, da rabin butalin gami wanda ba a bari ya sha ba, da buhun da ke rataye wofi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, Tumbutu, in ruwa bai riga mu ba. Mai zuwa ya zo da igiya mai kauri ko gatari, ba a buƙatar dogon jaje, kuma duk wanda ya san zancen man gami ya bar shi gida. Yamma za a ja iccen, rumbu ya tsira. Abin da anka tsinta ƙarƙashi na Zayyad ne. Baba Alhaji ya ce tunda kayan na yaron ne, shi za a girmama da saran ƙarshe. Karimu ya kai gatarinshi maƙera wasawa.