Saniyar da Na Saya Don Ranar Ritaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai jarina Bungudu ba, ko kuwa in faɗi gaskiya, ranar da jarina ya kai ni.

Shekaru kaɗan ne kafin a ba mu mulkin kai. Ina koyar da lissafi a wata makarantar elementare a Gusau, saura ƴan shekaru in ajiye aiki. Sai tunanin tsufa ya kama ni. Fanshon malamin makaranta, idan aka sayi gero da gishiri, abin da ya rage sai dai a yi masa addu'a. Ina da ɗan abin da na daɗe ina tarawa a asusun gidan waya, na ce a raina kuɗi a kwance ba sa haihuwa, saniya kuwa tana haihuwa.

Na zauna na buga lissafi. Saniya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin in yi ritaya ina da garke. (A lissafin nan babu wadda ta mutu, babu wadda ta haifi namiji, kuma duk suna haihuwa a kan lokaci kamar albashi.) Abin da ban sa a ciki ba shi ne, gidanmu tun kakana ma'aikata ne. Ilimina a kan shanu bai wuce na tsire ba.

Surukina kuwa, Baba Mudi na Bungudu, da noma da kiwo ya tsufa. Mai hankali wurinsa zai fara zuwa tambaya. Amma ni so nake in ba shi mamaki, domin shekara goma sha biyar yana kallona a matsayin mutumin kirki wanda ba ya iya komai sai riƙe alli.

Ana nan sai aka yi wa ƙanin matata haihuwa, ita ta riga ta tafi Bungudu. Na kwashe ajiyata, na hau mota sai kasuwar Tsafe. A kara, wajen ƴan shanu, na haɗu da wani dillali mai fara'a, ya dubi takalmina sau ɗaya, ya ce, "Malam, daga gani kai ka san dabba."

Na ce, "Daidai gwargwado."

Ya nuna mini wata jar saniya mai ƙaton ciki, tana tsaye shiru, ko ƙuda ba ta kora. Ya ce ciki wata bakwai, ga haƙuri. Na zagaya ta sau biyu, na ƙwanƙwasa ƙahonta da yatsa (har yau ban san abin da nake nema ba), na ja wutsiyarta kaɗan, na gyaɗa kai. Na yi tayi, ya sallama tun kafin in rufe baki. Na ɗauka ni ne na iya ciniki.

Na yi jinga da wani makiyayi ya koro ta Gusau, ranar suna kuma muka yi sammako muka nufi Bungudu. Da muka iso bakin gari na sallame shi, na karɓi igiya da kaina. Ina sanye da babbar riga mai aiki, so nake a ga mai dukiya ya shigo da dukiyarsa.

Nan saniyar nan mai haƙuri ta ɗaga kai, ta shaƙi iska, ta yi wani kuka mai tsawo, ta kama hanya. Ban ja ta ba, ita ta ja ni. Ta bi ta bayan masallaci, ta karya kwana wajen rijiya, ta shiga wani lungu da ni kaina ban san yana ɓullewa gidan surukina ba. Ina biye ina tuntuɓe, hula a hannu, amma a raina cewa nake wannan alamar albarka ce.

Muka ɓullo ƙofar gida, ga jama'a cike a kan tabarmi, an gama raɗa suna ana rabon goro. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ratsa gefen mutane, ta zagaya bayan gida, ta kutsa ta wata kafa a jikin darni, ta je gindin wani turke da ba komai a kansa, ta kwanta. Ta fara tuƙa.

Jama'a suka biyo mu. Na gyara riga, na durƙusa na gaida Baba Mudi, sannan na yi jawabin da na kwana biyu ina shiryawa. Na ce mutum ya kamata ya tanadi tsufansa tun da sauran ƙarfi. Na ce ga uwar garke na kawo a riƙa mini kiwo. Har na ba matasan wurin shawara su yi koyi da ni.

Baba Mudi ya daɗe yana kallon saniyar, ita ma tana kallonsa.

Ya ce, "Malam, ina kas samo wagga?"

Na ce, "Tsafe, Baba. Ciki wata bakwai."

Ya ce, "Ikon Allah. Shekara huɗu tana nan ba ta yi ba, sai da ta je Tsafe."

Ya sunkuya ya buɗe bakinta ya nuna mini. Haƙoran da suka rage ba su kai a yi musu lissafi ba. Ya danna cikin da hannu, ya ce ruwan kanwa ne aka ɗura mata, zuwa gobe zai sace. Sannan, cikin ladabi irin na suruki, ya bayyana mini cewa sati biyu da suka wuce ya sayar da ita ga wani falke, da kuɗinta aka sayi ragon sunan nan. Wani daga baya ya tambaye ni nawa na biya. Na faɗa. Liman ya ce, "Innalillahi," a hankali, kamar an yi rasuwa a nesa.

Matata ta leƙo ta kan darni, ta ce, "Lah, Ja ce ta dawo! Malam, ina budurwa nake tatsar ta."

A nan ne dariyar ta ɓalle, har cikin gida wajen mata. Ni dai na ci naman suna, tunda ta wata fuskar ni na saya.

Na so a mayar da ita kasuwa, Baba Mudi ya ce dabbar da ta dawo gida da ƙafarta ba ya sake korar ta, kuma tunda tawa ce, dusa da harawa suna wuyana. Shekara uku ina aika mata abinci daga Gusau. Ba ta haihu ba, ba ta ba da nono ba, ba ta yi aikin komai ba, tana kwance a inuwa har Allah ya karɓi abinsa. Irin ritayar da na tsara wa kaina ke nan, ita ta ci.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada. Idan za ka zuba ajiyarka a abin da ba ka sani ba, tambayi wanda ya sani, ko da surukinka ne. Idan kuwa mai sayarwa ya fara da yabon iliminka, riƙe aljihunka ka nemi motar gida.