Bidiyon Baba Sule da Kwamfutar da Na Harhaɗa

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kwance kwamfutata har sau uku ba, na kuma ɗora wa wani bawan Allah laifin da ba shi da hannu a ciki.

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Kazaure, na fi shekara ashirin a kan teburin. Karatun boko kuwa sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kafin nan, in an miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau a gida (ban taɓa mallakar tabarau ba). Da na fara haɗa baƙi, sai kwaɗayin kwamfuta ya kama ni, na harhaɗa guda da hannuna. Akwatin a gwanjon wani ofis na same shi, kayan cikin na tsinto su ɗaya bayan ɗaya a Kano, allon kuma wata talabijin ce da mai ita ya haƙura ya bar mini. Intanet daga wayata take samu, in na kunna mata. Alhaji Ɗanjuma tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, haɗin gambiza yake ce mata, ni kuma ya laƙaba mini Injiniya. Zolaya ce, amma ina amsawa.

A ajinmu akwai Baba Sule, mutumin Roni, wanda ya girme mu duka. Kusa da ni yake zama. Yana riƙe fensir kamar wanda ya riƙe ƙotar fartanya, in ya danna sai takarda ta huje. Saura wata biyu a yaye mu, Allah ya yi masa rasuwa. Kafin nan Malam Nasiru, mai duba azuzuwan yankinmu, wanda ke zaune a Babura, ya zo ya ɗauki bidiyonmu, kowa yana karanta wasiƙar farko da ya rubuta da kansa. Baba Sule matarsa ya rubuta wa, Iya Hansai, kuma ya ce ba zai nuna mata ba sai ranar biki. Da muka je gaisuwa Roni, ni da bakina na ce mata in Allah ya kai mu ranar yaye ɗalibai za ta ga mijinta yana karatu, za ta kuma ji muryarsa, a kwamfutar da na haɗa. Babu wanda ya sa ni. Har da ƙara cewa kwamfutar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar Lahadi Malam Nasiru ya turo mini imel, biki kuma Asabar mai zuwa. A ciki akwai takardar gayyata da jerin sunaye, waɗannan suka buɗe lafiya lau. Sai ƙunshin hotuna mai nauyi, sai kuma wurin da zan danna in sauke bidiyon, don ya fi ƙarfin imel ya ɗauko shi. Mu masu gyara muna da wata al'ada: in ka gama da rediyo, sai ka kunna ta ka bar ta tana yi, ka tafi harkarka, in ka dawo ka ga ko ta riƙe. Haka na yi wa bidiyon. Ana kiran Azahar na danna, na rufe shago, na tafi masallaci.

Da na dawo na ga sunan bidiyon zaune a inda ya kamata. Na danna. Ga ajinmu, ga allo, ga mutum biyu sun yi karatunsu. Sai ga Baba Sule ya gyara hula, ya ɗaga takarda, ya buɗe baki, sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna, ya tsaya cak. Hotunan ma haka, rabi mutum rabi toka. A ƙasan allon akwai wani ɗan rubutu ja na Turanci. Hausa nake karantawa, ita ma a hankali, don haka na rufe shi kamar yadda ake kore ƙuda.

Na sake gwadawa da La'asar. Wannan karon ko buɗewa bai yi ba. Washegari ya buɗe, amma ya tsaya tun kafin a zo kan Baba Sule.

Haƙuri ba ya yi mini wuya, shi ne jarin mai gyara. Na kwance kwamfutar, na hure ƙura, na goge haƙoran ram, wato ƙwaƙwalwar injin, na bi wayoyi da mitar gwajin wuta, na sake ɗaurewa. Ranar Talata na canza ma'ajiyar bayanan da wata da na aro. Ranar Laraba har dalma na ɗiga a wani wuri da bai roƙe ni ba. Kowane gyara na gama, sai in jira kiran salla, in danna, in rufe shago. Ɗanjuma yana taka kekensa yana leƙowa, yana tambayata ko yau ma tiyata ake yi wa marar lafiyar. Mai ɗakina ta ce in nemi wani ya karanta mini jan rubutun nan da nake ta ƙorafi a kai. Na ce mata wannan ba maganar karatu ba ce, maganar injin ce (ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta).

Da na rasa abin kwancewa, sai na yanke hukunci cewa daga can abin ya taso a lalace. Na kira Malam Nasiru, na gaishe shi a gajarce, na ce masa kayan da ya turo ruɓaɓɓe ne, na gwada ya fi sau goma, na binciki injina ciki da waje babu abin da ya same shi. Na ƙara da cewa wataƙila sabis ɗin Babura ne, tunda suna bakin iyaka, ya cakuɗe da na Nijar. Har na ce masa ya tuna akwai tsohuwar da aka yi wa alkawari, kamar shi ya yi. Duk wannan da ƙarfi na faɗa, don Ɗanjuma ya ji. Malam bai yi musu ba, ya ce in sha Allah gobe zai shigo.

Ranar Alhamis gab da La'asar ya iso a kan babur, rigarsa ta jiƙe da gumi. Na girme shi da kusan shekara goma sha biyar, amma malamina ne, na ba shi kujerata. Ɗanjuma ya baro ɗinkinsa, ga kuma mutum biyu masu jiran rediyonsu. Malam ya ce in yi yadda na saba yi, shi kallo kawai zai yi. Na kunna intanet a waya, na buɗe imel, na danna. Layin da ke nuna saukewa ya fara tafiya a hankali. Daidai lokacin ladan ya kira salla. Na miƙe, na ɗauki makulli, na ɗauki wayata na jefa a aljihun gaba.

“Baba, ina za ka da wayar?”

“Masallaci mana, Malam.”

“Kullum haka kake yi?”

“Kullum. Ai ba a barin waya a shago.”

“To in ka tafi da ita, kwamfutar a ina za ta samu intanet?”

Ga amsar da na bayar, a gaban mutum huɗu, ba tare da ko ɗar ba: “Ai ta riga ta sha.”

Wallahi haka na ɗauka. A tunanina intanet kamar caji ne, in ka haɗa na ɗan lokaci ya shiga, sai ka cire, ya ci gaba da aiki da abin da ya samu. Ban taɓa lura ba cewa ƙananan takardun suna sauka ne ina tsaye a wurin, manyan kuma ni nake tsinke su da ƙafata, da zarar na karya kwanar masallaci.

Ɗanjuma ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ya ce ashe kwana biyar ana yanka marar lafiya, cutar tana aljihun likita. Malam Nasiru bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya sa na fita da wayar zuwa bakin titi na dawo, jan rubutun ya fito, ya ɗora yatsa a kai ya karanta mini kalma kalma, kamar yadda yake yi mana in ya zo duba ajinmu. Ya ce abin da yake faɗa shi ne hanya ta katse, saukewa bai kammala ba. Tun ranar Lahadi kwamfutar take gaya mini, ni kuma ina rufe mata baki.

Muka sake dannawa, muka bar wayar a kan tebur, muka kulle shago. Allah ya yafe mini, rabin hankalina a sallar nan yana aljihuna da babu komai a ciki. Da muka dawo bai gama ba, muka zauna muka jira shi. Da ya gama na danna, Baba Sule ya gyara hula, ya ɗaga takarda, ya karanta har ƙarshe.

Da Malam zai hau babur sai ya zaro filash, ɗan abin ajiyar bayanan nan, daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in ajiye saboda tsaro. Ashe bidiyon yana jikinsa tun daga Babura. Na tambaye shi me ya sa bai ba ni tun farko ba. Ya ce da ya ba ni, wata rana ma Babura ce za ta sake yin laifi. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji na zarge shi, ya ce ba komai, ya tafi.

Ranar Asabar Iya Hansai ta zo daga Roni da 'ya'yanta, aka zaunar da ita a gaba. Wasiƙar layi huɗu ce. Ya gaishe ta, ya ce shi ya rubuta da hannunsa babu wanda ya taya shi, ya ce ya gode da haƙurin zama, sannan ya ce ta daina barin awaki suna shiga rumbu. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, “Haka yake, ko a takarda sai ya yi mini faɗa.” Ta roƙa a maimaita mata, na maimaita har sau uku.

Shekara arba'in da wani abu na yi ina cewa na manta tabarau don kada in ce a karanta mini. Na ɗauka na bar wannan halin a ƙofar aji, ashe yana nan tare da ni. Yanzu in na ga jan rubutu, kafin in taɓa sukundireba sai na nemi wanda zai karanta mini. Wayar kuma, in ana sauke abu mai nauyi, a shago take sallarta.