Yadda Za Ka Raba Kwikwiyon Dakel Da Kaza, Ko Wa Zai Ji Haushi

Kai da ka ɗauko kwikwiyon dakel, karen nan mai dogon jiki da guntayen ƙafafu, likitan dabbobi ya ce kaza ce ke sa shi ƙaiƙayi: zauna ka saurara. Ban yi makarantar dabbobi ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Duk wanda ya bi matakan nan, karensa zai daina susa. Wannan na lamunce maka.

1. San abin da za ka rasa

Frau Brandl, wadda ta sayar mini da kwikwiyona Poldi, ba ta sayarwa ta manta. Kamar duk mai kiwon dakel na ƙwarai a nan Bavaria, bin 'ya'yanta take har gida. Da ta zo, ta ɗaga kunnensa, ta ga ya yi jajir, ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, "Herr Aigner, in na dawo na tarar da shi haka, a kwandona zai koma. Da sharaɗi na ba ka shi." Taka ma haka za ta ce maka. Kada ka yi musu. Ta fi ka gaskiya.

2. Juya buhun

Gaban buhun abincin kare na malalata ne. Za ka ga hoton barewa a daji, ka juya baya ka tarar da kitsen kaza a ƙananan haruffa. In an rubuta "naman tsuntsaye", kaza ce ta sake suna. Sa tabarau, ka tsaya a tsakiyar kanti ka karanta har ƙarshe. Masu jira su jira. Zaɓi rago, kifi ko barewa, na kwikwiyo, ƙananan ƙwayoyi.

3. Sayi ranar Asabar

Lahadi kantuna a rufe suke, ka sani tun kana yaro. Wanda abincin karensa ya ƙare ranar Lahadi, tarbiyyarsa ce ta fara ƙarewa.

4. Nemi mai laifin a teburinka

Na yi duk wannan, amma kowace Litinin Poldi na susa. Sai na lura da surukata Traudl, wadda ke zuwa cin abincin rana kowace Lahadi, hannunta ɗaya kullum a ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Mama, me ke cikin aljihunki?"

"Hankicina."

"Hankici ba ya maiƙo."

"Gernot, dubi idon bawan Allah nan. Da fatar kaza na raini 'ya'yana, har da wadda ka aura. Ka taɓa ganin tana susa?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Miƙa hannu kawai.

5. Kada ka sassauta

Daga ranar, a bakin ƙofa nake tarbarta. In karɓi rigar sanyinta, in karɓi jakarta, in duba. Matata Vroni ta ce, "Uwata ce fa, ba 'yar fasa-ƙwauri ba." Na ce mata ƙa'ida ba ta san uwa ba. Tausayi ne ya lalata yaran zamani, ba zan bari ya lalata kare ba.

6. Karɓi sakamako

Frau Brandl ta dawo. Ta ɗaga kunne, ta duba ciki, ta shinshina, ta koma da kwandonta ba komai a ciki. Poldi nawa ne.

Traudl ta daina zuwa. Yanzu Vroni ce ke tafiya wurinta ranar Lahadi, kuma kwanan nan Lahadin takan kai Laraba. Ni da Poldi muke zama a tebur, shi da barewa, ni da burodi.

Gargaɗi: a kan kare na yi maka alkawari, kuma na cika. Aurenka, abincin Lahadinka da gaisuwar surukarka ba sa cikin abin da na lamunce. In gidanka ya yi shiru, kada ka kawo mini ƙara. Ka saurara dai da kyau: ba za ka ji susa ba.