Azarar da Na Kushe

Ba zan taɓa mantawa da gidan farko da na saya a Batsari ba, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Lokacin ina fataucin gyaɗa da shanu, aljihu ya fara nauyi, kai ma ya fara kumbura.

Gidan wani dattijo ne, Baba Audu, da zai koma Wagini wajen 'ya'yansa. Soro biyu da zaure, rufin azara baƙa wuluk, an jera ta kamar haƙoran mataji. Leƙawa ɗaya na kamu. Ko a kasuwa ina taya bijimi, sai in ga kaina kwance cikin sanyin soron nan, ƙamshin ƙasa na tashi, matata Hajara na dama fura a tsakar gida. Har na faɗa mata azarar da za ta rataya ragayar ƙwaryarta.

Amma dokata a ciniki ita ce, abin da na fi so shi na fi kushewa. (Da ita na yi arziki, kada ku raina ta.) Ranar ciniki, gaban shaidu, na ƙwanƙwasa rufin da sanda, na ce gara ta gama da azarar nan, ko kyauta aka ba ni sai na nemi mai zubarwa. Baba Audu ya daɗe yana kallon sama, ya tambaye ni a hankali ko da gaske ba na son ta. Na ce ko tsinke. Ya rage kuɗi sosai, ya sallama. Na tafi ina jin daga nan har Safana babu mai wayona.

Bayan mako biyu muka zo tarewa da jakuna da 'yan rakiya, ga damina ta kusa. Zaure ba rufi. Soraye ba rufi. Sai sararin sama, da shirwa ɗaya tana shawagi a natse. A ƙofar gida kuwa, ga azara an ɗaure a amalanke, Baba Audu da shaidu na tsaye a gefe.

"Ɗan nan," in ji Baba Audu, "na rage maka wahalar zubarwa."

Shaidu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Hajara ta dubi sama, ta dube ni.

"Maigida, a ina zan rataya ragayar?"

Nan take na sayi azarar da gara ta cinye, a farashin da Baba Audu ya faɗa, ban taya ba.

Har yau ina kushe kaya, ban daina ba. Sai dai kafin in buɗe baki, nakan duba ko abin yana ciruwa.